BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: WANE TSARIN TATTALIN BATIR YA DACE DA ƊALIBI?

Ina godiya ga kwamitin mujalla da ya ba ni wannan fili domin in faɗi ra'ayina a kan wata magana wadda da yawa za su ga kamar ƙarama ce, amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Maganar kuwa ita ce ta batirin kwamfutar hannu, watau wannan shimfiɗaɗɗiyar na'ura mai kama da allon almajiri, wadda yanzu ta shigo cikin kayan karatunmu, ta zauna kusa da littafi da alƙalami. A cikin irin wannan na'ura akwai wurin da aka ba mai ita zaɓi game da yadda za ta riƙa shan caji: ko ta sha yadda ta ga dama, ko ta yi tattali daidai gwargwado, ko kuwa ta ɗaure ciki ƙwarai da gaske. Tambayata ita ce, wanne daga cikin waɗannan uku ya dace da ɗalibin makarantar kwana? Amsata a taƙaice ita ce na tsakiya, kuma a kunna shi tun daga lokacin da aka zare na'ura daga caji, kada a jira sai batir ya kusa mutuwa. Ga dalilaina nan tafe.

Da farko dai ya kamata mu san abin da ya sa wannan magana ta shafe mu. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a gaba ɗaya bisa kwamfuta, saboda haka duk ɗalibin da ke da burin ci gaba da karatu tilas ne hannunsa ya saba da na'ura kafin ranar. Wasu gwamnatoci ma sun daɗe da fara raba wa ɗalibai irin wannan kwamfuta, kamar yadda Jihar Osun ta yi a 1shekarar 2013, da littattafai da tambayoyin jarrabawar baya a cikinta. To, amma na'ura ba ta aiki sai da wuta, wuta kuwa kowa ya san halinta a ƙasar nan. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wutar. A makarantun kwana kuma, abin da aka fi dogara da shi shi ne janareta, wanda akan tayar na 'yan awoyi lokacin karatun dare, sa'an nan a kashe, ga shi wuraren soka caja ba su kai yawan masu bukata ba. Wanda na'urarsa ta mutu da azahar, sai ya rungume hannu har bayan magariba, alhali abokan ajinsa suna ta bitar darasi. Idan wannan ya faru a makon jarrabawa, to, asara ce wadda ba a mayar da ita.

Na biyu, mu fahimci ko mene ne batir, da kuma ɗan abin da ke cikinsa. Batirin da ke cikin kwamfutar hannu irin na sinadarin litiyam ne, wanda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara fitarwa kasuwa a shekarar 1991. Saboda muhimmancin wannan ƙirƙira, a shekarar 2019 an ba masana uku da suka yi aiki a kanta lambar yabo ta Nobel, su ne John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Duk da wannan daraja, abin da batirin ke iya riƙewa kaɗan ne ƙwarai. Ɗauki misalin Samsung Galaxy Tab A8, wadda batirinta ke da lamba 7,040 mAh. Idan aka juya wannan lamba zuwa ma'aunin da muke koyo a darasin Fiziks, ya kai kamar wat 27 na tsawon awa ɗaya. Watau da za a jona wa batirin nan tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, da ko rabin awa ba zai yi ba zai ƙare. Da wannan ɗan guzuri ne muke so na'ura ta yi mana aiki daga safe har dare. Mai ɗan ƙaramin rumbu kuwa ba ya ɗibar hatsi da babbar ƙwarya.

Su wane ne ke cinye wannan guzuri? Babbansu ita ce fuskar na'urar, watau gilashin da muke kallo. Fuskar kwamfutar hannu ta ninka ta wayar salula faɗi, kuma a yawancin masu araha akwai fitila a bayan gilashin wadda ke ci muddin fuskar tana kunne. Gwargwadon hasken da ka ƙara, gwargwadon cajin da zai tafi. Na biyu ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, wadda ke yin lissafin duk abin da aka umurce ta. In ta yi gudu sosai sai ta sha wuta da yawa, ta kuma yi zafi. Na uku su ne hanyoyin sadarwa, kamar waifai da Bluetooth da layin salula da abin gano wurin da mutum yake. Waɗannan ko ba ka taɓa su ba suna nan suna lalube, kuma inda sabis ke da rauni nan suka fi wahalar da batir, domin na'urar takan ƙara ƙarfi wajen neman hasumiya, kamar mai ɗaga murya don ya kira wanda ke nesa. Na huɗu su ne manhajojin da ke aiki a ɓoye, suna duba saƙo, suna sabunta kansu, suna aika hotuna, alhali mai na'ura yana tsammanin barci take yi.

To, tsarin tattalin batir ba wani siddabaru ba ne, ɗaure waɗannan maciya huɗu kawai yake yi, kowane tsari da tsawon igiyarsa. Tsari na farko shi ne na sakin linzami. A nan fuska tana da cikakken haske, ƙwaƙwalwa tana gudu iyakar ƙarfinta, kowace manhaja tana yin abin da ta so. Da shi na'ura takan zo daga kanti, kuma a kansa yawancin mutane ke barin ta har abada, domin ba su ma san akwai wani ba.

Tsari na biyu shi ne na matsakaicin tattali. Kamfanin Google ya shigar da shi cikin Android a shekarar 2014, Apple kuma ya sa shi a wayar iPhone a 2015, sa'an nan ya kawo shi ga iPad a 2021. Idan aka kunna shi, hasken fuska yakan ragu kaɗan, fuskar takan mutu da wuri in ba a taɓa ta ba, manhajoji su daina aiki a ɓoye, saƙonni kuma ba sa shigowa da kansu a kai a kai sai an buɗe. A na'urorin Samsung har an rubuta a fili cewa za a tsayar da gudun ƙwaƙwalwa a kashi 70 cikin 100, a kuma rage haske da kashi 10. Akwai kuma na'urori masu tsada waɗanda fuskarsu ke sake zana hoto sau 120 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan tsari yakan mayar da su sau 60. A iPad, alamar batir takan koma rawaya domin mutum ya san tsarin yana kunne.

Tsari na uku shi ne na tsananin tattali. Wanda ya yi suna a cikinsa shi ne wanda Samsung ya fito da shi tare da wayar Galaxy S5 a shekarar 2014, wanda ke ɗauke launi daga fuska ta koma fari da baƙi, ya kuma rufe duk manhajoji sai 'yan kaɗan da aka zaɓa. Sunansa da siffarsa sun sha canzawa daga wannan na'ura zuwa waccan, wasu ma kamar iPad ba su da shi sam, sai dai na tsakiyar nan ko a kunna ko a kashe. Amma manufarsa ɗaya ce ko'ina, watau na'ura ta rayu muddin za ta iya, ko da kuwa ba ta tsinana abin kirki.

Yanzu sai dalilan da suka sa na zaɓi na tsakiya. Dalili na farko lissafi ne mai sauƙi wanda ɗan aji ɗaya ma zai iya yi. Bari mu ƙaddara, don misali kawai, cewa wata na'ura tana yin awa 8 a tsarin sakin linzami, kuma tsarin tattali yana rage mata shan caji da kashi ɗaya cikin biyar. Idan aka kunna tattalin tun batir yana cike, za ta yi awa 10, an sami ribar awa 2 ke nan, wanda ya kai tsawon karatun dare guda. Idan kuwa aka jira sai caji ya sauko kashi 20 sa'an nan aka kunna, to, kashi 80 na farko ya riga ya tafi cikin awa 6 da minti 24, ragowar kuma zai yi awa 2, jimla awa 8 da minti 24. Ribar minti 24 kacal! Na'ura ɗaya, tsari ɗaya, amma bambancin lokacin kunnawa ya sa wani ya sami awa 2, wani ya tashi da abin da bai kai rabin awa ba. Abin takaici shi ne na'urorin da kansu sukan bari sai caji ya yi ƙasa sa'an nan su tuna wa mutum da zancen tattali, domin an ƙera su ne da tunanin ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, inda mutum zai isa gida ya soka caja. Mu kuwa da ke jiran janareta, tilas mu riga na'ura tunani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowane ɗan makarantar kwana ya san wannan darasi ta wata fuska. Ran da aka dawo hutu, akwatin kowa cike yake da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da madara. Akwai wanda zai buɗe akwati ya yi ta sha safe da yamma, mako biyu ya ga ƙasan leda, sa'an nan ya fara auna gari da murfin kwalba yana lissafin saura kwana nawa ranar ziyara. Akwai kuma wanda tun ranar farko ya yanka wa kansa gwangwani guda a yini. Bai ji yunwa ba, bai kuma roƙi kowa ba har ƙarshen zango. Dukansu biyu sun yi tattali, sai dai na farko ya yi shi bayan aikin gama ya gama. Caji ma haka yake.

Dalili na biyu shi ne aikin ɗalibi ba ya bukatar abin da tsarin tattali ke ragewa. Mene ne muke yi da kwamfutar hannu? Karanta littafi, amsa tambayoyin jarrabawar baya, duba ma'anar kalma a ƙamus, rubuta 'yan bayanai, wani lokaci kuma kallon darasin da aka ɗauka a bidiyo. Shafin littafi tsaye yake wuri ɗaya, ko fuska ta zana shi sau 120 ko sau 60 a daƙiƙa, harafi bai canza ba. Ƙwaƙwalwar da ke gudu a kashi 70 cikin 100 ta fi ƙarfin buɗe shafin Bayoloji nesa ba kusa ba. Wanda zai ga bambanci shi ne mai buga manyan wasanni ko mai haɗa fim, wannan kuwa ba shi ya kawo mu makaranta ba. Barin na'ura a cikakken ƙarfi don karanta shafi guda kamar a ɗauko babbar mota ne a kai kwano ɗaya na gero kasuwa.

Dalili na uku shi ne lafiyar batirin kansa. Batirin litiyam yana tsufa, kuma abubuwa biyu ne suka fi tsufar da shi, watau yawan cikawa da zazzagewa, da kuma zafi. Duk lokacin da aka sha cajin da jimlarsa ta kai kashi 100, ko a yini ɗaya ko a yini biyu, an yi zagaye ɗaya ke nan. Kamfanin Apple ya ce an ƙera batirin iPad yadda zai riƙe kimanin kashi 80 na ƙarfinsa na asali bayan zagaye 1,000. Mai yin zagaye ɗaya kullum zai cika dubun nan cikin shekara 2 da wata 9. Wanda ya rage shan cajinsa da kashi ɗaya cikin biyar kuwa, a lissafin takarda, sai ya kai shekara 3 da wata 5. Game da zafi kuma, kamfanin ya yi gargaɗi cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. Mu kuwa a nan, a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Na'urar da ke gudu da cikakken ƙarfi tana ƙara nata zafin a kan na gari, wadda aka rage wa gudu kuwa takan fi sanyi. Inda na'urar ta makaranta ce, wannan magana ta zama ta amana, domin ƙannenmu na ƙananan azuzuwa su za su gaje ta, kuma bai kamata mu miƙa musu batirin da ba ya kai awa biyu ba. Inda kuma ta gida ce, mu tuna da gumin iyayen da suka saya.

Dalili na huɗu shi ne zaman tare. Wuraren soka caja kaɗan ne, masu bukata da yawa, awoyin janareta kuma ƙidayayyu. Na'urar da ta zo wurin caji da ragowar kashi 40 za ta cika da wuri ta ba wani wuri, wadda ta zo a mace kuwa sai ta kwana a kan soket ɗin har a kashe inji. Yawancin cacar bakin da ake yi a ɗakin karatu kan wane ya zare cajar wane, asalinta ke nan, kuma ƙananan ɗalibai su ne kullum ake turewa baya. Ashe tattalin mutum ɗaya sauƙi ne ga mutum biyu ko uku.

Na san akwai waɗanda ba su yarda da ni ba, kuma ya kamata a saurare su. Wasu suna cewa rage haske yana ɓata ido. Gaskiya ne cewa karatu a fuskar da ta yi duhu ƙwarai yana gajiyar da ido, amma ragin da tsarin tsakiya ke yi kaɗan ne, kuma mutum yana da ikon ƙara hasken da hannunsa ba tare da ya kashe tsarin ba. Hasali ma da dare, fuska mai tsananin haske ita ce ke kashe ido. Da rana kuma maganin abin shi ne a nemi inuwa, kada a zauna cikin rana ana gasa da ita, a sha caji a kuma gasa batir. Wasu kuma suna cewa saƙonni sukan makara. Wannan ma gaskiya ne, sai dai ni a ganina riba ce ga ɗalibi, domin na'urar da ba ta ƙara kowane minti biyar ta fi barin mutum ya gama shafinsa. Akwai kuma masu cewa barin tsarin tattali a kunne kullum yana lalata na'ura. Wannan ba shi da tushe, domin rage wa inji gudu ba ya kashe shi. Haka nan maganar da ake yaɗawa cewa sai an bar batir ya mutu murus kafin a sa caji, gado ce daga tsofaffin batura na sinadarin nikel. Batirin litiyam ba ya bukatar haka, yawan barinsa ya kai sifiri ma wahalar da shi yake yi.

Wani kuma zai ce, tun da tattali ake so, don me ba za a zauna a kan tsananin tattali ba gaba ɗaya? Amsa ita ce komai ya wuce gona da iri ya zama illa. Wannan tsari yakan rufe manhajoji, kuma mai yiwuwa manhajar tambayoyin jarrabawa ko ta ƙamus tana cikin waɗanda za a rufe, sai in mutum ya sa ta cikin jerin waɗanda aka yarda da su. Inda yake ɗauke launi, taswirar Labarin Ƙasa da zanen zuciya na Bayoloji, inda ja da shuɗi ke nuna bambancin jijiyoyi, sun zama aikin banza. Littafin da malami ya turo ma yana iya ƙin saukowa. Amfanin na'ura shi ne a yi karatu da ita; wanda ya kai dare da caji kashi 90 amma bai karanta komai ba, ya zama kamar mai kuɗin da ya kwana da yunwa don kada jakarsa ta ragu. Tsananin tattali yana da ranarsa, watau ran da aka sanar cewa janareta ya lalace, ko ran tafiya hutu a doguwar hanya, ko lokacin da caji ya sauko ƙasa ƙwarai kuma akwai abu guda mai muhimmanci da ake so a adana dominsa. Mai hankali zai shiga wurin tun yau ya zaɓi manhajojin da yake so a bar masa, domin ranar bukata ba ranar koyo ba ce. Sakin linzami shi ma yana da lokacinsa, watau sa'ad da na'ura take jone da wuta ana sauko da littattafai ko ana sabunta manhajoji.

A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani. A iPad, tsarin tattali yakan kashe kansa da zarar caji ya kai kashi 80, kuma na'urorin Android da yawa suna da makamancin wannan hali in batir ya kusa cika. Saboda haka wanda ya kunna jiya kada ya ɗauka yau ma yana kunne. Da zarar ka zare caja, duba alamar batir, in tsarin ya mutu ka tayar da shi. Aikin daƙiƙa biyar ne. A wasu na'urorin Android ana iya hana shi kashe kansa, ko a sa masa matakin cajin da zai riƙa kunnuwa da kansa, sai a ɗaga matakin iyakar yadda na'urar ta yarda. Akwai kuma maganar baƙar fuska, watau a mayar da shafi baƙi rubutu fari, wadda ta zo cikin Android a shekarar 2019. Tana rage shan caji ne a fuska irin ta OLED, inda kowane ɗigo ke ba da haskensa, baƙin ɗigo kuwa a kashe yake. A fuska irin ta LCD, wadda ita ce a yawancin kwamfutocin hannu masu araha, fitilar baya tana ci ko shafi baƙi ne ko fari, saboda haka ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ya kamata kowa ya san irin tasa kafin ya dogara da wannan dabara.

Sai dai fa, 'yan'uwa, duk tsarin da aka zaɓa ba zai iya tsare batir daga mai shi ba. Wanda ya kunna tattali, sa'an nan ya shige bargo bayan an kashe fitila yana kallon fim har ƙarfe ɗaya na dare, ya cinye cajinsa, ya cinye barcinsa, gobe kuma ya yi gyangyaɗi a aji. Akwai abubuwan da hannunka ne kaɗai zai yi su. Ka sauko da littattafanka lokacin da akwai wuta, sa'an nan ka sa na'ura a tsarin jirgin sama, wanda ke kashe hanyoyin sadarwa, ka yi karatunka. Ka kashe fuska duk lokacin da ka juya ga littafin rubutu. Kada ka sa caji a ƙarƙashin matashi ko cikin akwati inda zafi ba shi da mafita, domin ban da lalata batir, hatsarin gobara ne a ɗakin da mutum da yawa ke kwana. Kada ka bar na'ura a bakin taga rana tana dukanta. In kuma za a ajiye ta tsawon hutu, a bar ta da kamar rabin caji, a kashe ta, a sa a wuri mai sanyi.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga hukumar makaranta da malamanmu na kwamfuta. Ina ganin zai yi kyau a ware darasi guda a farkon kowace shekara a nuna wa sababbin ɗalibai inda waɗannan tsare-tsare suke da abin da kowanne ke yi, domin da yawa ba ganganci ke sa su ɓarna ba, rashin sani ne, shi kuwa ya fi dare duhu. Zai kuma yi kyau shugabannin ɗalibai su tsara jerin sa caji aji-aji, yadda ƙarami ba zai rasa wuri don ƙanƙantarsa ba. Mu kuma ɗalibai, mu ɗauki na tsakiya ya zama tsarinmu na kullum, mu kunna shi tun batir yana cike, mu ajiye tsananin tattali don ranar larura, mu bar sakin linzami sai na'ura tana kan wuta. Wanda ya iya auna ɗan cajin da ke hannunsa ya kai shi dare, ina kyautata zaton zai iya auna kuɗin kashewarsa ya kai shi ƙarshen zango, ya kuma auna lokacinsa ya kai shi ranar jarrabawa da shiri.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri, ya ba 'yan ajin ƙarshe sa'ar jarrabawar da ke gabansu, amin. Wassalam.